Tun da aka kawo ni Legas na daina riƙe hanya, ko ƙwaƙwalwata ce ta taɓu?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna ashirin da shida. Bayan babbar Sallah aka kawo ni Legas daga Zariya. Muna zaune a Agege, maigidana yana sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12. A gida malamar firamare ce ni, babu lungun da ban sani ba daga Tudun Wada har cikin birni. Amma tun da na zo nan na zama wata iri. Ba na barcin kirki. Ƙarar jirgi, ko janareto, ko hon ɗin mota, sai gabana ya faɗi. Mantuwa ta yi mini yawa, in ɗora girki in sha'afa. Wata rana na fita ni kaɗai zan je gidan yayarsa a Idi-Araba, na ɓata a Oshodi, na rasa gabas na rasa yamma, na tsaya ina kuka har wata mata ta kira mini shi a waya. Tun ranar ya ce kada in ƙara fita sai da shi, cefane ma shi yake yi. Amma kuma shi ne ke mini gori, wai kamar ban yi boko ba, wai shi da ya zo ko sati bai yi ba ya san gari. Mahaifiyata ta ce ruwa ba ya tsami banza, in dawo gida a yi mini ruƙiyya. Anti, ko ƙwaƙwalwata ce ta taɓu? In koma gida ne ko in zauna?

Ƙanwarki, daga Agege

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da tambayar da ta fi tsaya miki a rai. A cikin abin da kika rubuto ban ga alamar ƙwaƙwalwar da ta taɓu ba. Abin da na gani shi ne lafiyayyar ƙwaƙwalwa da aka ɗauke daga garin da ta yi shekara ashirin da shida tana haddacewa, aka sauke ta a ɗaya daga cikin biranen da suka fi cunkoso a Afirka, sannan da ta yi tuntuɓe sau ɗaya aka rufe mata ƙofar da za ta bi ta koyi sabon wurin. Akwai alamun da in sun bayyana maganar ta likita ce, kuma zan zo kansu. Amma ki fara jin yadda kanmu yake sanin wuri, domin in kin gane wannan, rabin tsoron zai ragu.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan lanƙwasasshen sashe da ake kira hifokamfus, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A shekarar 1971 wani masani a Landan, John O'Keefe, yana bibiyar ƙwayoyin jijiyar wannan sashe a kan ɓeraye, ya lura cewa wata ƙwaya ba ta motsawa sai ɓeran ya isa wata kusurwa, wata kuma sai ya isa wata kusurwar daban. Kowane wuri da ƙwayoyin da ke amsa masa. A 2005 kuma May-Britt Moser da Edvard Moser a ƙasar Nowe suka gano wasu ƙwayoyin a maƙwabcin sashen, waɗanda ke taimakawa wajen auna nisan da aka yi da inda aka dosa. Su ukun aka ba lambar yabo ta Nobel a 2014. Taƙaicen aikinsu shi ne akwai taswira a cikin kai, kuma ba a haifar mutum da taswirar wani gari. Yawo ne ke zana ta. Ta Zariya da kike alfahari da ita, ƙafarki ce ta zana ta tun kina bin yayyenki makarantar allo da aiken kasuwa, har kika manta cewa koyonta kika yi. Ta Agege kuwa ba a zana ba tukuna. Abin da ya same ki a Oshodi ke nan: kin nemi taswira a kanki, kika tarar babu komai. Kuma Oshodi ce fa, mahaɗar manyan tituna mai tashoshin mota uku da gadojin sama, inda 'yan gari ma kan tsaya su yi tambaya. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, ba yau aka fara faɗa ba.

Kada ki ce ai kin girma, lokacin koyo ya wuce. Direban baƙar tasi a Landan ba ya samun lasisi sai ya haddace tituna kusan 25,000, abin da kan ci shekara uku zuwa huɗu. A shekarar 2000 Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan direbobi, ta ga ɓangaren baya na hifokamfus ɗinsu ya fi na sauran mutane girma. Aka ce wataƙila da ma masu irin wannan kai ne ke shiga sana'ar. Sai ita da abokiyar aikinta suka bi masu koyon aikin tun daga farko, suka fitar da sakamako a 2011: waɗanda suka ci jarrabawar, sashen ya ƙaru a kansu, bayan kuwa da can daidai suke da kowa. Manyan mutane ne, ba yara ba. Ke kuwa ba tituna 25,000 ake nema a wurinki ba. Hanyar masu kayan miya ce, da ta islamiyya, da ta asibiti, da ta gidan yayar mijinki.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki saurara da kyau, domin nan ne matsalarki take. Taswirar nan ba ta zanuwa da kyau in wani ne ke jan ki. A 1963 wasu masana biyu a Amurka, Richard Held da Alan Hein, sun yi gwaji da 'yan kyanwa biyu-biyu da aka raina a cikin duhu. Ɗaya tana tafiya da ƙafarta, ɗayar kuma tana cikin ɗan kwando da tafiyar ta farkon ke juyawa. Abu ɗaya idanunsu ke gani, tsawon lokaci ɗaya. Mai tafiya da ƙafarta ta koyi gane zurfi da nisa, wadda ake ɗauka ba ta koya ba, sai bayan da aka sake ta ta yi yawo da kanta. Ke ba 'yar kyanwa ba ce, kuma ganinki ya daɗe da ƙosawa, amma kowa ya san direba kan riƙe hanyar da fasinjan da ke gefensa ya bi sau goma bai riƙe ba. Mai zaɓar inda za a karya kwana, shi ne kansa ke rubutawa. To tun ranar Oshodi an mayar da ke fasinja. Kina bin bayan maigida, idonki a kan rigarsa, shi ke tsayar da mota, shi ke cewa a sauka. In aka ci gaba a haka, shekara za ta zagayo kina nan inda kike.

Zaman gidan yana da wata illar kuma. Duk ranar da kika guje wa abin da kike tsoro, za ki ji sanyi a ranki nan take, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka cewa gudun ne ya cece ki. Gobe tsoron ya ƙara ƙarfi. Ba ya raguwa sai an koma wurin, an tsaya, an ga babu abin da ya faru, an sake komawa.

Faɗuwar gaba da rashin barci da mantuwa duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. A Zariya kanki ya san sautin da ba shi da ma'ana, ya daina kai miki rahotonsa. A Agege jiragen sama na sauka da tashi kusa da ku a filin Murtala Muhammed, jirgin ƙasa na ratsa unguwa, janareto na kowane gida da muryarsa, ga harshen da kunnenki bai saba da shi ba. Har sai kai ya tantance wanne ne haɗari wanne ne ba komai ba, duka yake ɗauka da muhimmanci. Masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun nuna a 2016 cewa daren farko a baƙon wuri, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ba ya nutsewa cikin barci kamar na dama, kuma ya fi saurin amsa baƙon sauti. A yawancin mutane wannan gadin kan sauka bayan dare ɗaya. Naki ya ƙi sauka ne saboda tsoro da kaɗaici suna ta sabunta shi. Wanda bai yi barci ba, hankalinsa kuma yana can yana sauraren waje, ba ya ajiye abu a kai balle ya tuna shi. Tukunyar da kika sha'afa a wuta, tun farko rabin hankalinki ne ya ɗora ta.

Sai maigida. Ina so ki yi masa adalci kafin in faɗi laifinsa. Mutum yana tsakiyar ciniki a Mile 12, baƙuwar murya ta kira shi ta ce ga matarka tana kuka a Oshodi. Ya san labarin motocin da ke ɗaukar fasinja su yi masa ƙwace, ya san amanar da iyayenki suka ba shi. Dokar da ya kafa daga tsoro ta fito, kuma cefanen da yake ɗorawa kansa bayan ya fita tun asuba ba ƙiyayya ba ce. Amma ba a ɗaure ƙafar mutum sannan a yi masa gorin rashin gudu. Batun wai bai yi sati ba ya san gari, ki bar shi da abinsa, kada ki yi musu. Ko da haka ne, shi kullum yana waje, yana yawo da ƙafarsa, yana ɓata yana tambaya, babu wanda ya kulle shi ranar da ya fara ɓata. Kuma mutum in ya iya abu yakan manta wahalar koyonsa.

Ki same shi lokacin da ya ci ya huta, ba lokacin da gorin ke bakinsa ba. Kada ki buɗe da ƙorafi, ki zo da buƙata ƙarama wadda zai iya cewa to. Misali ki ce: "Na san tsoro ne ya sa ka hana ni fita, kuma na gode da kulawarka. Amma in ban taka da ƙafata ba, ba zan taɓa sanin unguwar nan ba. Ka ba ni izini in riƙa zuwa wajen masu kayan miya da rana, in kira ka in na fita, in kira ka in na dawo. Ranar da ba ka kasuwa kuma mu fita tare, ni a gaba kai a baya." Sannan ki gaya masa sau ɗaya, a natse, cewa maganar boko tana miki ciwo kuma tana ƙara rikita ki. In ya ƙi, kada ki saci fita. Yayarsa ta Idi-Araba ta fi kowa dacewa ta yi masa magana, domin ita ma wata rana baƙuwa ce a garin nan. In fita ke kaɗai ce ba ya so, ku daidaita a kan wata maƙwabciya da ya yarda da ita, da sharaɗin ke ce mai jan hanya.

Ga yadda za ki fara. Kin riga kin san alƙibla a ɗakinki, sau biyar kike fuskantarta kullum, to ki ɗaura komai a kanta: ƙofar gidanku tana dama da ita ne ko hagu, babban titi yana gabanta ko bayanta. Layin dogon da ya ratsa Agege ya miƙe ne kusan kudu da arewa, kudu ya nufi Ikeja da Oshodi, arewa ya nufi Agbado da hanyar Abekuta. Ki tambayi maigida ta wane gefensa kuke. Waɗannan biyun sun isa ginshiƙi.

Daga nan sai ƙafa. Ki zaɓi wuri ɗaya da bai wuce tafiyar minti biyar ko goma ba, ki je da hantsi bayan cunkoson safe ya lafa, ki dawo. Ki maimaita hanyar nan kullum har ta gundure ki. Gundurar ita ake nema, ita ce shaidar kai ya daina ɗaukar wurin a matsayin barazana. A kowace kwana ki tsaya ki waiwaya, domin hanya tana da fuska biyu, yadda take a tafiya daban da yadda take a dawowa. Ki riƙe alamun da ba sa tashi, irin masallaci, gidan mai, gadar Pen Cinema, ba mai gasa masarar da gobe ba lallai ki same ta ba. In kin dawo ki ɗauki takarda da biro ki zana abin da kika bi, ke da kike malama ba sai an koya miki wannan ba. Kuskuren da kika gani a zanen, shi za ki duba gobe. Idan hanya ɗaya ta zauna, sai ki je ta nan ki dawo ta wani layin. Ranar da hanyoyi biyu suka haɗu a kanki, kika ce ashe nan ne bayan can, ranar taswira ta fara.

Waya tana da amfani, amma ki san yadda za ki riƙe ta. Wani bincike a jami'ar UCL ta Landan a 2017 ya nuna cewa in mutum yana bin umarnin na'ura, karya dama, karya hagu, hifokamfus ba ya aikin da yake yi in mutum ne ke zaɓar hanya da kansa. Saboda haka ki duba Google Maps kafin ki fita, ki sa wayar a jaka, kada ki ciro ta sai kin maƙale. Ki rubuta adireshinku da sunan tashar motar da ta fi kusa da ku da lambar maigida a takarda, ki riƙe canji, wayarki da caji. In za ki yi tambaya, ki tambayi mace mai shago da ke zaune a wurinta. Matambayi ba ya ɓata.

Mota sai daga baya, kuma da rakiya a farko. Ki hau a tasha, ba a gefen titi ba, kuma da rana. Ki fara da gajeriyar tafiya kamar Agege zuwa Ikeja, ke za ki saurari kwandasta, ke za ki ce "o wa", wato akwai mai sauka da Yarbanci, in an zo inda za ku sauka. Jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, ma malami ne mai kyau, don tashoshinsa a jere suke ba sa canzawa: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Oyingbo. In kin haddace wannan jerin kin sami ƙashin bayan wannan ɓangare na gari. Sannan wata rana, ba yanzu ba, ki koma Oshodi tare da wanda kika yarda da shi. Ba don ki wuce ba. Ki tsaya a inda kika yi kuka, ki bar gabanki ya gama faɗuwarsa, ki duba ina kika fito, ina ya kamata ki bi. Kada ki bar wurin sai numfashinki ya daidaita.

Barci kuma ki ɗauke shi cikin aikin. Tun 1994 aka nuna a kan ɓeraye cewa ƙwayoyin hifokamfus ɗin nan masu gane wuri kan sake maimaita yawon rana a cikin barci, wato da dare ake bitar darasi. Ki tsayar da lokacin tashi, Asuba ta riga ta sauƙaƙa miki wannan. Ki sami hasken safe a jikinki, ki bar shayi da goro daga la'asar, ƙailula kada ta yi tsawo. Ƙarar fanka mai tafiya bai ɗaya takan rufe sautukan da ke firgita ki. Tafiyar ƙafar ma da kanta tana kawo barci.

Akwai abin da ba ki ambata ba amma na ji shi a wasiƙarki. Ba hanya kaɗai kika rasa ba. Kin rasa aji, da yaran da ke gaishe ki da malama, da ƙawayen da kike leƙawa. Hausawa sun daɗe a Agege tun zamanin fataucin goro, islamiyyun matan aure ba su da wuyar samu. Ki shiga ɗaya mafi kusa. Za ta ba ki dalilin fita kullum, hanya ɗaya da za ki maimaita, da matan da kowacce ta taɓa zama baƙuwa. In kin zauna da gindinki, ki duba ko yaran gidanku na buƙatar darasin yamma.

Mahaifiyarki kuwa, uwa ce da ke jin muryar 'yarta ta canza a waya, tana nesa, ba ta da abin yi sai ta ce ki dawo kusa da ita. Kada ki yi mata gardama. Addu'a da azkar da karanta wa kai ayoyin neman tsari ba sai an je Zariya ba, kuma ba sa karo da komai a cikin abin da na faɗa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jiƙe-jiƙe da hayaƙin da ba a san abin da ke ciki ba, musamman ga amaryar da wataƙila tana da shigar ciki. Game da komawa gida, ra'ayina shi ne ba yanzu ba. In kin tafi a cikin wannan hali za ki ji daɗi nan da nan, kanki kuma zai rubuta cewa barin Legas ne magani, dawowa ta fi zuwan farko wuya. Ki bari sai kin iya zuwa cefane da islamiyya da kanki, sannan ki je ganin gida na mako biyu da ranar dawowa a tsaye. Kafin nan ki riƙa kiranta kina ba ta labarin inda kika je yau, ba labarin daren da ba ki yi barci ba kaɗai.

Tun a wannan makon dai ki roƙi maigida ya kai ki asibiti a duba jininki da awon ciki. Ƙarancin jini, da matsalar ƙwayar maƙogwaro da ke sarrafa kuzarin jiki, da farkon ciki, duk suna iya kawo kasala da bugun zuciya da mantuwa, kuma gwajinsu ba wuya. Ki gaya wa likita komai kamar yadda kika gaya mini. In kuma kin kai mako biyu baƙin ciki bai sake ki ba yawancin yini, abin da kike so da can ya fita ranki, abinci ya ƙi shiga, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma ba a jira da shi. Asibitin koyarwa na jiha yana Ikeja kusa da ku, na tarayya yana Idi-Araba, asibitin ƙwararru kan lafiyar ƙwaƙwalwa yana Yaba, zuwa can kuma ba ya nufin hauka. Idan rikicewar ta kai ki ɓata a cikin gidanku, ko ki kasa gane fuskar da kika sani, ko ciwon kai mai tsanani da amai, ko farfaɗiya, ko sanyin gefe ɗaya na jiki, a ranar za a tafi asibiti.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ki ba tafiyar ƙafar nan mako shida zuwa takwas, kina yi kusan kullum. Za a sami ranar da za ki koma baya, musamman in ba ki yi barci ba, kada ki ɗauke ta a matsayin rushewar komai, washegari ki koma gajeriyar hanyar farko. In wa'adin ya cika babu abin da ya motsa, ki koma wurin likita ki nemi a haɗa ki da mai ba da shawara kan tsoro da fargaba, sannan ki sake rubuto mini ki gaya mini yadda kuka ƙare da maigida. Allah Ya ba ki lafiya, Ya zaunar da ku lafiya.